Ba Fari Kaɗai Ke Kayar Da Mu Ba

Gyara zama, yau faɗa zan yi da kai. Ba faɗan sanda ba ne, faɗan baki ne, irin wanda malami ke yi da ɗalibinsa don yana ƙaunarsa.

Ran nan da dare, a ajinmu na yaƙi da jahilci, na ɗauki alli na rubuta tambaya guda a allo: "Me ya sa fari ke kayar da mu?" Na ce kowa ya karanta. Aka karanta, baƙi bayan baƙi. Sai wani dattijo da ya isa ya haife ni ya ce, "Malam, wannan ai ba tambaya ba ce. Ikon Allah ne. Goge ka rubuta mana wata." Aji duka ya ɗauka, aka ce haka ne. Na ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara, amma ba zan goge ba."

Ban musa ikon Allah ba, Allah ya kiyashe ni. Ruwan sama ba a hannun kowa yake ba. Amma a makarantar horon malamai an koya mana mu raba tambaya biyu in sun manne da juna. Me ya hana ruwa zuwa? Wannan ɗaya ke nan. Me ya sa rashin ruwan ya kwantar da gidanka, ya bar gidan maƙwabcinka a tsaye? Wannan ta biyu ke nan. Ta farko ta fi ƙarfinmu. Ta biyu kuwa akwai hannun mutum a cikinta dumu-dumu. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya san shekarun yunwa na tafe, bai naɗe hannu ba, ya sa aka tara hatsi tun ana cikin yalwa. Hausawa kuma sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fari shi ne ƙadangaren. Ni zancen tsagar nake so mu yi.

Iyayenmu na wajen Maraɗi sun riga mu gane wannan. Yunwar 1984, wane suna suka sa mata? El Buhari. Don a shekarar nan gwamnatin Najeriya, ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari, ta rufe iyaka. Hatsi ya daina shigowa yadda aka saba, dabba ta rasa hanyar kasuwa, ɗan ci-rani ya rasa inda zai nufa. Ruwa bai zo ba, gaskiya ne. Amma da suka tashi raɗa wa yunwar suna, sunan mutum suka sa mata.

Ta 2005 kuwa da idona na gan ta, ina yaro. Daminar 2004 ta yi gardama, fara ta sauka a wasu wurare. Amma ka tambayi duk wanda ya shiga kasuwa a shekarar nan: hatsi bai ƙare ba. Ga buhuna nan jibge. Kuɗinsu ne ya fi ƙarfin talaka, har buhun gero ya kai jika 30 a wasu kasuwanni. A lokacin nan ne kuma dabba ta rame, kowa ya koro tasa kasuwa rana guda, mai saye ya taya yadda ya ga dama. Abin mamaki, jihar Maraɗi, rumbun ƙasa, tana cikin wuraren da aka fi kwantar da yara masu tamowa.

Ka ga tsaga guda ke nan. Abin da kake sayarwa yana faɗuwa daidai ranar da abin da kake saye ke tashi. Mu nan arewa abin ya fi yi mana ciwo, don gero ba ya yi a ƙasarmu. Daga Damagaram da Tawa da Maraɗi yake zuwa a bayan manyan motoci. Hanyar Tawa zuwa Arlit ta fi kilomita 600. Saboda uraniyom aka shimfiɗa ta, amma kafin 2014 ta mutu murus, har sai da aka sa gyaranta cikin yarjejeniyar gwamnati da kamfani. Kowane rami da mota ta faɗa, kowace taya da ta fashe, a bakin tiyar geronka ake fanshe ta. Kai ba ka hau motar ba, amma kai ka biya.

To, yanzu mu zo gida, mu zo Imuraren.

A shekarar 1966 Faransawa masu binciken ƙasa suka gano uraniyom a nan, kamar kilomita 80 kudu da Arlit. Shi ne ƙarfen da ake ba manyan tashoshin lantarki na ƙasashen waje, su yi wuta da shi. An ƙiyasta abin da ke kwance a Imuraren ya kai wajen tan 200 000, yana cikin mafiya girma a duniya. Aka bar shi kwance shekara fiye da 40. Makiyaya na kiwo a kansa, raƙumi na cin ƙaya, ba ruwan kowa.

A watan Janairu na 2009 gwamnati ta ba kamfanin Areva na Faransa izinin haƙa. Ran 4 ga watan Mayu, shugaban ƙasa Tanja Mamadu ya zo da kansa ya aza tubalin farko. Na tuna yadda rediyo ya cika da zancen. Za a zuba kuɗi kusan sefa miliyar 800. Za a riƙa fitar da tan 5000 kowace shekara, har shekara 35. Za a ɗauki ma'aikata fiye da 1000. Za a fara a 2012. Za a, za a, za a.

Filin da aka bayar murabba'in kilomita 200 ne. In lissafin ya yi maka nauyi, ga shi a sauƙaƙe: ka ɗauka fili ne mai tsawon kilomita 20, faɗinsa kilomita 10. Wanda ke zaune a ofis a Yamai, in ya duba taswira, sai ya ga wurin fari fat, ba gona, ba gari, sai ya ce ai daji ne, ba mai shi. Nan ne kuskuren yake, kuma babba ne. Makiyayi ba ya shata gona, amma ya san kowane kwari. Ya san inda ciyawa ke fara tsirowa, ya san inda take daɗewa har bazara, ya san hanyar da ake bi a gangara Ingal lasar gishiri a ƙarshen damina. Dukiyar makiyayi ba dabba kaɗai ba ce, har da ƙafa. In nan ya bushe ya matsa can. Da haka kakanni suka tsallake fari bayan fari. Ranar da aka ce masa nan an killace, can an ba wani, to an yanke masa ƙafa guda, ko da ba a taɓa masa akuya ko ɗaya ba. Kuma ba Imuraren kaɗai ba: a shekarun 2007 da 2008 an raba takardun izinin binciken ma'adinai fiye da 100, mafi yawansu a jihar Agadas. Makiyaya sun yi ta kukan diyya. Amma wanda ba shi da takarda, da me zai nuna nan wurinsa ne?

Sai kuma jira. Wannan ita ce tsagar da ta fi ba ni haushi, don ba a ganinta. Mutane suka kwararo daga ko'ina. Samari suka bar garke suka tafi neman a rubuta sunansu. Wani ya sayar da bisashe ya koyi tuƙi. Wani ya ci bashi ya buɗe shago, yana lissafin ma'aikatan da za su zo. Mata suka fara lissafin tuwon sayarwa.

Ran 11 ga watan Maris na 2011, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku kusa da Japan. Igiyar ruwa ta hau tudu ta lalata tashar lantarki ta Fukushima, mai aiki da uraniyom. Duniya ta tsorata. Japan ta tsayar da tashoshinta, Jamus ta ce za ta rufe nata. Kuɗin uraniyom ya faɗi. A 2007 awo guda da ake kira fam, wanda bai kai rabin kilo ba, ya haura dalar Amurka 130. (Dalar Amurka fa na ce, ba dalarmu ta sefa biyar ba.) A ƙarshen 2016 bai kai 20 ba. A watan Mayu na 2014 gwamnati da kamfani suka yarda a dakatar da aikin Imuraren har kasuwa ta gyaru. A 2015 aka sallami mafi yawan ma'aikata. Aka bar ramuka da tulin ƙasa.

Ka duba wannan al'amari da kyau. Teku ta yi ambaliya a wata ƙasa da ba ka taɓa jin sunanta ba, sai tukunya ta sauka daga murhu a Danat da Arlit. Shin wannan fari ne? A'a. Wannan shi ake kira rataya rai ga igiya guda, igiyar ma bakinta na hannun wani. Daga 2009 har zuwa watan Yuni na 2024, lokacin da gwamnati ta karɓe izinin daga hannun kamfanin, wanda ya riga ya sauya suna zuwa Orano, shekara 15 ke nan, Imuraren ba ta fitar da uraniyom na sayarwa ba. Yaron da aka haifa ranar aza tubali ya isa kiwon raƙuma shi kaɗai.

In kana so ka ga ƙarshen igiya guda, leƙa Akokan. Kamfanin Cominak ya fara fitar da uraniyom a 1978, ya fitar da wajen tan 75 000, ya rufe ran 31 ga watan Maris na 2021 don abin da ke ƙasa ya ƙare. Ma'aikatansa wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan da ke aiki ƙarƙashin ƴan kwangila. Bayan kowane ma'aikaci akwai mai wanki, da mai nama, da mai kawo nono daga daji, da tsohuwa a ƙauye mai jiran saƙon ƙarshen wata. Rami ba rijiya ba ne. Rijiya in ka ɗiba tana kawowa. Rami kuwa in an kwashe, an kwashe ke nan.

Tun da na ambaci rijiya, bari in faɗi na ruwa. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasarmu tsohon ruwa ne. Ya taru tun zamanin da ƙasar nan ke da dausayi, irin zamanin da raƙumin dawa ke yawo a nan, kamar yadda mutanen da suka sassaƙa shi a dutsen Dabus. Daminar yanzu ba ta mayar da abin da aka ɗiba, sai ɗan kaɗan. Ƙungiyar Greenpeace ta faɗa a 2010 cewa cikin shekara 40 ma'adinan Arlit da Akokan sun sha ruwa lita miliyar 270. Na rubuta wa ɗalibaina wannan lamba a allo, 270 000 000 000, wata mata ta ce, "Malam, ƙwai ne ka jera?" Aka yi dariya. Amma ba abin dariya ba ne. Ƙungiyar ta kuma auna ruwan sha a wuri 5, ta ce a 4 daga ciki uraniyom ya wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Kamfani ya musa, ya ce yana bin ƙa'ida. Tun a 2003 wasu masana na Faransa, ƴan ƙungiyar CRIIRAD, tare da ƙungiyar Aghir In'man ta Almustafa Alhasan, suka sami ƙarafa masu guba ana sayarwa a kasuwar Arlit. Guba ce da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. A Akokan kuma an bar tulin dattin ma'adini wajen tan miliyan 20, wanda kamfani ya ɗauki alkawarin rufewa da yumɓu da dutse.

Za ka ce mene ne haɗin ciwo da fari? Haɗin kusa ne. Gidan da ke jinya ya riga ya sayar da raƙumar da zai tsallake bazara da ita. Fari na zuwa ya tarar da ƙofa a buɗe.

Kada ɗan'uwanmu manomi na kudu ya ce wannan zancen mutanen Abzin ne. Hanyar da ke kawo mana geronsa ita ce ke kawo mana matansa da ƴaƴansa in rumbu ya ƙare. A shekarar 2013 motoci biyu suka tashi daga Arlit cike da mutane, suka nufi Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya. Motocin suka lalace a sahara. Aka tsinci gawa 92: yara 52, mata 33, maza 7. Mafi yawansu daga ƙasar Kance suka fito, a jihar Damagaram. An ce ƙishirwa ta kashe su, kuma haka ne. Amma uwa ba ta ɗaukar ƴaƴanta ta shiga sahara don sha'awa. Abin ya faro tun daga gida: gonar kaka an raba wa ƴaƴa, an sake raba wa jikoki, har ta koma kamar tabarma, ƙasa ta gaji, abin da aka girbe ba ya kai wa bazara, an ci bashin hatsi tun ana shuka, za a biya da kaka lokacin da gero ba shi da daraja. Sahara ta ƙarasa aikin da aka fara a ƙauye.

To, kada ka ce na tara laifi duka na aza wa baƙo da gwamnati. Akwai namu, kuma ba zan rufa mana asiri ba.

Muna riƙe dabba don ido. Da kaka, tana da ƙiba, kasuwa na kiranta, gero na da araha, sai mu ce kar a ce garken wane ya ragu. Mu jira har ta kasa tashi, sannan mu sayar da ita kuɗin fata. Muna sayen tsohon ƙarfe don ya fi araha, ba mu tambayi inda ya fito ba, mu yi ƙyaure da shi, ko tukunya. Muna cire yarinya daga lakwal tun ba ta iya rubuta sunanta ba, alhali gobe ita ce za ta riƙe gida in mai gida ya tafi neman zinariya Jado ko Cibarkaten, kamar yadda dubban maza suka yi tun 2014. Ke ƴar'uwa mai karanta wannan, kin fi ni sanin yawan watannin da kike yi ke kaɗai da yara da awaki.

Babban namu kuwa shi ne dangwale. Bara wani ɗalibina ya kawo mini takarda, ya ce, "Malam, duba mini wannan." Ya ci bashin hatsi wurin wani ɗan kasuwa da bazara, ya dangwala babban yatsa. A bakinsu, buhu guda ne za a mayar da ɗan ƙari. A takarda kuwa an rubuta biyu, an kuma sa raƙuminsa jingina. Na karanta masa, ya yi shiru, ya daɗe yana duban yatsansa. Abin da ya faru da shi a ƙarami, shi ke faruwa da mu duka a babba. Ana rubuta takarda a kan ƙasarmu da ruwanmu, da harshen da ba mu ji, mu kuwa sai dai a kira mu taro a ba mu shayi, mu tafa.

Alhali akwai dokokin da aka yi dominmu, suna kwance cikin takarda kamar yadda uraniyom ke kwance cikin ƙasa. Dokar karkara ta 1993 ta yarda makiyayi na da haƙƙin fifiko a mazauninsa na asali, wurin da ya saba komowa, inda rijiyarsa take. Dokar kiwo ta 20 ga watan Mayu na 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne, ba alfarma ba, kuma ba a raba makiyayi da wannan haƙƙi na mazauninsa sai don amfanin jama'a, bayan an biya shi diyya. An kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo, don a rubuta irin wannan haƙƙi. A 2006 kuma aka yi dokar da ta ce cikin kowace dala 100 da gwamnati ta samu daga harajin ma'adinai, 15 na ƙananan hukumomin jihar da aka haƙa ne. Magadan gari na jihar Agadas sun sha kukan cewa kuɗin na makara, wani lokaci shekaru. Amma mu talakawa, wa ya taɓa zuwa ya ce a nuna masa nawa suka shigo, rijiya nawa aka gina da su? Na tambayi ajina. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ba wanda ma ya taɓa jin akwai wannan doka.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce, "Malam, ai zancenka ya tsufa. An karɓe Imuraren a 2024, an mayar da Somaïr ta Arlit hannun ƙasa a watan Yuni na 2025. Yanzu arziki namu ne." Madalla. Ni ma ɗan ƙasa ne, ba na ƙin ƙasata ta riƙe abinta. Amma raƙumi bai san tutar da ke kan shinge ba, shinge kawai ya sani. Duk wanda zai haƙa Imuraren gobe, baƙo ne ko ɗan gida, ruwan nan dai zai ɗiba, filin nan dai zai killace, kasuwar nan dai ta duniya za ta yanka masa farashi. Tambayoyinmu ba su sauya ba. Ina iyakar filin? Wace hanya aka bar wa dabbobi? Wa zai auna rijiyoyinmu kafin a fara, a rubuta zurfinsu, don in sun janye a san sun janye? Diyya nawa, a hannun wa? Ranar da ramin ya ƙare, me za a bar mana? In ba mu yi su tun kafin a sa hannu ba, bayan an sa hannu sai dai kuka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dattijon nan da ya ce in goge tambaya, bai yi fushi ba. Da aka tashi ya tsaya har kowa ya fita, ya ce, "Malam, rijiyar da mahaifina ya gina, gaba nawa ce, na sani. Igiyar da nake ja yau ta fi tasa tsawo, wannan ma na sani. Amma ban taɓa rubutawa ba." Na ce, "Baba, gobe ka zo da igiyar." Ya zo da ita. Muka shimfiɗa ta a ƙofar aji, muka auna da mita, ya ɗauki alƙalami da hannunsa ya rubuta lambar da ranar a bayan littafinsa. Ya ɓata layi biyu kafin ta fito daidai. Mun yi da shi za mu sake aunawa in bazara ta yi tsakiya.

Kai ma in kana da takardar da ka taɓa dangwala wa yatsa, ta bashi ce, ta fili ce, ko ta rijiya, kada ka bar ta cikin jaka. Kawo ta aji ran Laraba bayan sallar isha'i, mu karanta ta tare.